Keke Da Hanyoyin Karkara A Ƙasar Jahun

Gabatarwa

Kowane ɗalibi in ya dawo daga hutu yakan zo wa abokansa da tsaraba, wani dabino, wani ƙuli-ƙuli, wani kuwa sai labari. To, ni tawa tsarabar labari ce, kuma a bisa wani tsohon keken kakana na samo ta. Keken nan ƙirar Raleigh ne, baƙi, ya girme wa mahaifina, ya kuma fi shekara goma yana jingine a zaure kaji na kwana bisa sirdinsa. Da kuɗin mota ya gagare ni a hutun da ya wuce, ga shi kuma ina da aikin tattara sunayen garuruwa da malaminmu ya ba mu, sai na roƙi tsohon ya ara mini shi. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Abokina, kai da ko jaki ba ka iya hawa ba? Ɗauka, amma in ka bi kwalta da shi ban yafe ba. Ka bi inda ya sani."

Wannan magana ta "inda ya sani" ita ce asalin wannan ɗan rubutu. Maƙasudina shi ne in bi diddigin hanyoyin da mota ba ta bi a ƙasarmu ta Jahun, watau turba da burtali da burji, in nuna yadda keke ya shigo ya same su, da abin da ya faru gare su bayan zuwan kwalta da babur. Daga ƙarshe in faɗi dalilin da ya sa nake ganin asara ce babba in muka bari suka ɓace.

Yanayin Ƙasar

Jahun ƙaramar hukuma ce a tsakiyar Jihar Jigawa, a ƙarƙashin masarautar Dutse. Kiyawa tana kudu da ita, Miga tana arewa. Daga cikin garuruwanta akwai Aujara da Harbo da Gunka da Kale da Kanwa. Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, yankin nan duk a cikin Jihar Kano yake, kuma Jahun tana cikin ƙananan hukumomin da aka yi tun gyaran 1976.

Wanda duk zai fahimci hanyoyinmu sai ya fara fahimtar ƙasar da suke kai. Sunan jihar kansa ya faɗi rabin labarin, domin jigawa ita ce tudun rairayi. Masana labarin ƙasa sun nuna cewa jigayin nan tsofaffin tuddan yashi ne da iska ta tara a wani zamani mai nisa da ƙasar ta fi yanzu bushewa, kuma galibinsu sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, watau yadda iskar hunturu take busowa. Tsakanin tudu da tudu akwai kwari, inda ruwa yake kwanciya da damina ya zama tafki ko fadama. Ta arewa kuma ga kogin Haɗeja da rassansa, masu cika su batse su shafe ƙasa mai yawa.

Saboda haka matafiyi a ƙasar nan abokan gaba biyu gare shi. Da rani rairayi, da damina taɓo. Mutanen da suka fara fitar da turba sun san haka sarai, shi ya sa turbar gargajiya ba ta cika hawa ƙoƙuwar tudu ba, ba ta kuma faɗawa tsakiyar kwari. Gefe take bi, inda yashi da laka suka gauraya suka yi tauri. Baƙo yakan ga hanyar tana ta karkace-karkace ya ce mutanen da ba su san miƙaƙƙen layi ba ne, alhali kowace kwana da dalilinta.

Kafin Zuwan Keke

Bahaushe bai tara hanyoyi duka a suna ɗaya ba. Akwai turba, siririyar hanyar da ƙafa ta fitar tsakanin gari da gona ko rijiya ko maƙwabcin ƙauye. Akwai burtali ko labi, hanyar shanu da ake bari tsakanin gonaki, a kan dasa aguwa ko bini-da-zugu gefe da gefe don kada dabba ta faɗa wa shuka. Sa'an nan akwai gwadabe, babbar hanya mai faɗi wadda ayarin fatake da rundunar sarki suke bi. Yawan sunayen nan shaida ne cewa kowace hanya da aikinta, da kuma masu haƙƙi a kanta.

Yankinmu yana tsakanin Kano da Borno, manyan cibiyoyi biyu na ciniki da ilmi, don haka ba a rasa masu ratsa shi. Fatake sukan ɗauko tufafi da baƙin rini da kayan fata daga Kano, su komo da kanwa da dabbobi da busasshen kifi daga gabas. Almajirai masu tafiya gabas neman karatun Alƙur'ani da ƙafa suke bi, haka ma maniyyata aikin hajji, waɗanda wasunsu kan shekara da shekaru kafin su isa Makka. Turawan farko da suka zo ƙasar nan su ma gwadaben fatake suka bi. Hugh Clapperton ya taso daga Kukawa ta Katagum, ya bi ta gefen duwatsun Dutse, ya shiga Kano cikin watan Janairu na 1824. Heinrich Barth kuwa, cikin 1851, ta arewa da mu ya bi, daga Kano ta Garki da Gumel zuwa Kukawa.

Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wannan zamani ba a amfani da abin hawa mai ƙafar gargare a ƙasar Hausa. Jaki ne da takarkari da raƙumi da doki, sai kan ɗan Adam. Hanya ba ta bukatar faɗin da ya wuce na jaki da mangalarsa, amma tana bukatar rijiya da inuwa da zango a nisan da dabba za ta iya yi a yini. Shi ya sa har gobe in ka bi tsohuwar hanya za ka riƙa cin karo da tsamiya ko kuka ko gawo, da tsohuwar rijiya a kusa da su, a wurin da yanzu ba kowa. Wannan alama ce ta cewa a da ana yada zango a nan.

Asalin Keke

Shi keke ba tsohon abu ba ne ko a Turai. Cikin 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu a birnin Mannheim, ba feda ba sarƙa, mahayi yana tura ƙasa da ƙafafunsa. A shekarun 1860 maƙeran gidan Michaux a birnin Faris suka sa feda a ƙafar gaba. Daga nan aka shiga yin kekuna masu ƙatuwar ƙafar gaba, waɗanda faɗowa daga kansu kan karya mutum. Sai cikin 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry a Ingila ya fito da siffar da muka sani yau, ƙafafu biyu kusan kai ɗaya, da sarƙa mai juya ta baya. Bayan shekara uku, cikin 1888, wani likitan dabbobi a Belfast mai suna John Boyd Dunlop ya yi tayar roba mai iska. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ta mai da keke abin hawan kowa. A shekarun nan ne kuma aka kafa kamfanin Raleigh a Nottingham, wanda ya samo sunansa daga titin da ɗan shagon farko yake.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. A Amurka, masu keke ne suka fara matsa wa hukuma lamba a gyara hanyoyin karkara, ta bakin ƙungiyarsu da suka kafa cikin 1880, tun mota ba ta yaɗu ba. Da hanyoyin suka gyaru sai mota ta zo ta kore su daga kai. Za mu ga irin wannan a gida.

Mu ɗaliban harshe kuma, sunan abin ma darasi ne. Kalmar "keke" daga Yarbanci muka aro ta, abin da ke nuna cewa ta kudu ya shigo mana, tare da ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgin ƙasa. Kalmar "basukur" kuwa daga Ingilishi take, ko da yake yanzu sai a bakin tsofaffi ake jin ta. Da kalmar keke ta zauna, sai Bahaushe ya shimfiɗa ta kan duk wata na'ura mai juyawa, aka sami keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu, har zuwa Keke Napep na shekarun 2000. Dubi kuma sunayen sassansa. Feda da birki da taya da kariya da faci duk aro ne, amma wurin zama sai aka ce sirdi, ɗaukar mutum a baya aka ce goyo, keken kansa aka yi masa kirari da dokin ƙarfe. Watau Bahaushe da idon mahayin doki ya fara kallonsa.

Shigowar Keke Karkara

Turawan Ingila sun ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, suka ci Haɗeja cikin 1906. Ba da jimawa ba suka rarraba ƙasar Kano gunduma-gunduma, suka sa hakimai su bar birni su koma zama cikin gundumominsu. Wannan tsari ya bukaci hanya tsakanin hedkwatar hakimi da birni, da kuma tsakaninta da garuruwan dagatai, saboda haraji da jangali da rangadin Di'o. Talakawa ne suka sare dajin suka share hanyoyin nan, galibi da aikin tilas ba biya, kuma tsofaffi ba su manta da wannan ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Aka ja reshe daga Kano ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya isa Nguru cikin 1930. Layin dogon bai ratsa Jahun ba, ta arewa ya wuce mu, saboda haka gyaɗarmu a bayan jaki da raƙumi take zuwa wurin awo. Kamfanonin da ke sayen gyaɗar, irin su UAC da John Holt, su ne kuma ke da kantunan sayar da kayan Turai. Kuɗin da manomi ya karɓa ta wannan ƙofa yakan mayar da shi ta waccan, ya sayi atamfa ko fitila ko kwano, wanda ya yi babban sa'a kuwa ya sayi keke.

Da fari keke na ma'aikatan En'e ne: malamin haraji, malamin daji, malamin gona, duba-gari, da masinjan hakimi. A shekarun 1950 aka ƙara da malaman yaƙi da jahilci, masu zagaya ƙauyuka da allo da alli a ɗaure bisa kariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa cikin 1939, sau da yawa a bayan keke take isa garin da mota ba ta zuwa, a taru a gindin bishiya mai ilmin boko ɗaya ya karanta wa jama'a. Da siyasa ta zo, bayan kafa NEPU a Kano cikin watan Agusta na 1950, 'yan jam'iyyu suka mai da keke abin yawon wa'azinsu, domin yana shiga inda motar hukuma ba ta shiga, ba ya kuma ƙara. Hukuma kuwa ba ta bar shi haka ba, sai da ta sa masa lasisi, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa jikinsa a sabunta duk shekara.

Me ya sa keke ya karɓu haka? Dalili na farko shi ne bai nemi a yi masa sabuwar hanya ba. Faɗin tayarsa bai kai tafin hannu ba, turbar da ƙafa ta daddaɓe shekara ɗari ta ishe shi. Na biyu, ba ya cin dawa ba ya shan ruwa, ba kamar doki ba, wanda sai mai hali yake iya riƙe shi. Na uku, gyaransa bai gagari maƙerin ƙauye ba. Irin keken da aka fi kawowa, mai ƙafa inci 28 da birkin sanda da giya ɗaya tak, nauyi gare shi, amma yana ɗaukar buhun hatsi da mutum a kai.

Kakana ya ce shi kuɗin gyaɗar damina biyu ya tara ya sayi nasa, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Ranar da ya shigo gari da shi, in ji shi, har mata sai da suka leƙo ta kan danga. Ya yi masa ado da tuntaye da madubi biyu, ya naɗe sandar da roba mai launi. Da shi ya riƙa cin kasuwar Gujungu ran Lahadi da ta Shuwarin ran Litinin, da shi ya kai gaisuwar surukai, da shi kuma aka ɗauko unguwarzoma daren da aka haifi mahaifina. Kakata tana jin muna wannan hira ta ce, "Maigidana, kada ka yarda da shi, rabin tafiyar turawa yake yi." Ita ma gaskiyarta, kamar yadda na gani daga baya.

Zamanin Burji Da Babur

Shekarun 1970 su ne ganiyar keke, su ne kuma farkon faɗuwarsa. A lokacin har masana'antar harhaɗa Raleigh aka kafa a Kano, ga kuma Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya sun shigo da araha. Amma a shekarun nan ne fari na 1973 da cutar da ta kama gyaɗa cikin 1975 suka karya noman da ke sayen keken. A ɗaya gefen kuma kuɗin man fetur ya shigo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, malamin da ke hawan keke jiya ya wayi gari bisa Honda ko Vespa. Tun daga nan keke ya fara zama alamar wanda bai samu ba.

Hanyoyin ma suka sake. Hukumar raya karkara ta Jihar Kano, KNARDA, a farkon shekarun 1980, da hukumar DFRRI da gwamnatin Janar Babangida ta kafa cikin 1986, sun shimfiɗa hanyoyin burji da dama don a fito da amfanin gona. Burji shi ne jar ƙasa mai tsakuwa da ake hakowa a zuba a daddanne, kuma a ƙasar rairayi irin tamu sai an ɗauko ta daga nesa. Ga mai keke, sabon burji ya fi komai daɗi, ba ya nutsewa da rani, ba ya kamawa da damina. Illarsa ita ce in ba a kula da shi ba, ruwa yakan zaizaye shi, tayoyin manyan motoci kuma su bar masa ƙunya-ƙunya masu girgiza haƙori.

Bayan 1991, da Dutse ta zama babban birnin jiha, aka shiga zuba kwalta, har Jigawa ta yi suna wajen hanyoyi. Ba mai musun amfanin wannan. Matar da naƙuda ta tsananta gare ta a ƙauye, kwalta ce ke kai ta babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da na yoyon fitsari tun 2008. Sai dai kwalta bukatar mota take bi, daga babban gari zuwa babban gari, kuma ba a bar wa mai keke ko mai jaki gefensa ba. Baburan Sin da na Indiya masu araha suka cika ƙasa a shekarun 2000, acaɓa ya zama sana'ar samari, masu ba da hayar keke ga yara suka nade tabarmarsu. Cikin 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, ya kuma riƙa hawa da kansa, har wata bas ta ture shi ya faɗa rami a Abuja. Jama'a suka yi ta dariya, amma abin da ya same shi shi ne ainihin dalilin da ya sa kakana ya hana ni bin kwalta.

Abin Da Na Gani Da Idona

Kafin in tashi sai da na kai keken wurin wani dattijo mai gyara a bakin kasuwa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa, ya ce, "Samari, wannan ba irin na yanzu ba ne. Na wane ne?" Da na faɗa masa, sai ya ce shi ya yi masa faci tun yana yaron shago. Na ce, "Baba, yaya zan yi da rairayi?" Ya ce in rage iskar taya kaɗan don ta baje bisa yashi, in tashi da asuba tun raɓa ba ta bushe ba, in kuma riƙa bin gefen turba inda saiwar ciyawa ta kama ƙasa. Ya haɗa ni da famfo da sholisho da guntun tsohon tif, ya ce tsidau ba ya jin sallama.

Kwana tara na yi ina fita, bayan an yi girbin gero, kowace rana ta wata fuska. Ba zan ɓoye ba, na sha wuya. Na yi faci sau huɗu a rana guda, na tura keke a kan tudu har numfashina ya sarƙe, ƙarangiya ta cika mini ƙafar wando. Amma na ga abin da shekara ashirin ina wucewa a mota ban gani ba. Na ga bukkokin riɗi an jingina suna bushewa, da mata suna ɓarar zoɓo a inuwar ɗorawa. Na ga kufai, inda ba abin da ya rage sai kukoki da tudun tsohuwar ganuwa da fasassun tukwane. A kan keke dole ka yi sallama ga duk wanda ka tarar, shi kuma dole ya tambaye ka daga ina zuwa ina, daga nan hira ta ɓarke. Da haka na cika littafina da sunayen unguwanni da tafkuna da fadamu, da bayanin dalilin kowane suna, abin da ba ya cikin kowace taswira.

Na kuma ga abin da ya tayar mini da hankali. Wani burtali da kakana ya kwatanta mini, ya ce a da garke guda yakan wuce ba tare da saniya ta taɓa aguwa ba, na tarar da shi bai fi taku uku ba. Kowace damina mai gonar dama ya ci kunya ɗaya, na hagu ma ya ci ɗaya. Can gaba ma sai ya ƙare ƙurmus a tsakiyar gonar wake, dole na saɓa keken a kafaɗa. Na tarar da wani Bafillace yana tsaye da 'yan shanunsa yana duban inda zai bi. Muka gaisa, ya ce, "Malam, ni da kai yau hanyarmu ɗaya ta ɓata." Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma makiyaya ba ta da amfani in hanyar zuwa gare ta ta toshe. Yawancin rigimar manomi da makiyayi da muke ji, daga irin wannan taku ukun take farawa. Turbar 'yan makaranta da ta masu zuwa rijiya ita ma haka ake cinye ta, sai yaro ya koma bin gefen kwalta.

Turawa Sun Koma Burji

Abin mamaki, a daidai lokacin da muke raina hanyoyin nan, waɗanda suka ƙera mota suna nemansu ruwa a jallo. A Ingila, tsakanin 1979 da 1986, masu aikin sa kai suka mai da tsohon layin dogo tsakanin Bristol da Bath hanyar keke da ƙafa zalla, daga nan aka yi ta yin irinta a duk ƙasar. A Amurka an kafa ƙungiya musamman cikin 1986 don irin wannan aiki. Cikin 2006, a wani gari mai suna Emporia a jihar Kansas, mutum 34 suka yi tseren mil 200 a kan hanyoyin burji na gonaki, yau dubbai ke zuwa wannan tsere duk shekara. Har an ƙera keke na musamman saboda burji, marar nauyi, mai faffaɗar taya da ba a cika mata iska, watau dabarar nan da dattijon bakin kasuwa ya koya mini. Cikin 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta tseren burji a Italiya. A nan Afirka ma, Barkina Faso tana shirya babban tseren keke na ƙasa tun 1987, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta tsayar da 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya tun 2018.

Su abin da ya kai su shi ne gudun haɗarin mota da neman lafiyar jiki da sha'awar ganin karkara. Mu namu dalilin ya fi nasu ƙarfi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin acaɓa da na mota ya ninka, tsofaffin kekuna suka fara fitowa daga zaure. Mutanen Maiduguri sun riga mu gane haka, domin tun da aka hana babur a birnin cikin 2011 keke ya zama abin hawan malami da ɗan kasuwa da ɗalibi, ba wanda yake jin kunyarsa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa turba da burtali sun girmi keke nesa ba kusa ba, keke ya zo ya same su ya zauna da su lafiya, sa'an nan kwalta da babur suka janye hankalinmu daga kansu har aka fara cinye su. Ina da shawara uku. Ta farko ga hukuma da masu sarauta: a bi burtalai da manyan turbobi a auna su, a kafa musu alama, a rubuta su a ofishin hakimi da na ƙaramar hukuma, tun dattawan da suka san iyakokinsu suna raye. Ta biyu ga masu yin hanya: duk inda za a zuba kwalta a bar gefe na burji saboda mai keke da mai amalanke da ɗan makaranta. Ta uku gare mu 'yan wannan ƙungiya: kowannenmu in ya je hutu ya ari keke, ya bi tsohuwar hanya guda ta garinsu, ya rubuto sunayen wuraren da ta ratsa da labarin da ke bayansu, mu tara a wannan mujalla. Mai son ya san asalin sunan gari ba zai same shi a tashar mota ba.

Ranar da na mayar da keken, kakana ya sa na zauna na lissafa masa duk inda na bi. Ina faɗi yana gyara mini, yana cewa a nan akwai rijiya, a can akwai maƙera. Da na zo kan burtalin da ya ƙare a gonar wake sai ya yi shiru, can ya ce, "To, rubuta yadda yake a da, ka sa sunana a matsayin shaida." Na rubuta, takardar tana nan wurina, keken kuma ya ce in riƙe shi har hutu mai zuwa.